Samurai a Jikin Butar Shayi

A 1876 gwamnatin Japan ta hana samurai, wato mayaƙan gargajiya na ƙasar, yawo da takobi. Shekara na zagayowa, mutanen yankin Satsuma suka yi tawaye ƙarƙashin Saigo Takamori, aka murƙushe su. To, ina jaruman suka nufa? Jikin tangaran! Tun baje kolin Paris na 1867 Turawa suka kwaɗaitu da kayan tangaran na Satsuma, sai masu zane a Kyoto da Yokohama suka duƙufa zana mayaƙa da ruwan zinare, fuska a murtuke. Mutumin da a da ko harararsa ka yi sai wuyanka, ga shi a jikin butar shayi, wata tsohuwa a Landan tana goge masa ƙura. A nan dai an bar masa takobinsa.