Ƙanƙarar Tsamiya da Zumuncin Bazara

Da Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40 a Kano, sai martabar mutane ta sauya a unguwa. Attajiri ya koma gefe, mai unguwa ma ya bi sahu. Wadda ake ji da ita yanzu ita ce Hajiya mai firiza, musamman idan layinsu yana samun wuta.

Haɗin ƙanƙarar tsamiyar kansa ba wuya. A jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi har ta saki, a dama, a tace da rariya, a zuba sukari da ɗan citta da kanumfari. Wata ta ƙara abarba, wata kuma ta fi son ta zoɓo ko ta garin 'ya'yan kuka. Sai a ƙulla a fararen ledoji, a jera a firiza, a koma roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Dabarar tana wajen sukari. Sanyi yana dushe zaƙi a harshe, saboda haka sukarin da ya ishi tsamiyar sha ba zai ishi ta ƙanƙara ba. In kuma aka cika hannu, shi zai hana ta daskarewa da wuri, a wayi gari da ruwa-ruwa a leda. Ɗan wannan sanin ne Hajiya ke ɓoyewa kamar lambar sirrin banki. Maƙwabciya ta tambaye ta yadda take haɗawa, sai ta ce, "Wallahi ba komai, hannu ne kawai."

Daga nan sai sallama ta yawaita. Yaro ya shigo rungume da gora: "Wai in ji Umma tana gaishe ki, wai a saka mata wannan a firiza." Gobe ya dawo da tukunyar miya, jibi da ragowar nama. Wannan Umma kuwa tun bikin bara ba ta amsa gaisuwar Hajiya da kyau. Dangin da rabon da a gan su tun ranar suna su ma sai ga su da ƙarfe biyu na rana, wai sun zo wucewa ne, alhali gidan a ƙarshen lungu yake, babu hanyar da ta ɓulle.

Idan masu "a sam mana" suka yi yawa, sai a ɗauki gawayi a rubuta a jikin katanga: Akwai ƙanƙara. Shi ke nan, an buɗe kamfani. Lissafin kamfanin ne abin kallo. Sukarin daga cefanen Maigida aka ɗiba. Kuɗin wuta shi ya biya, ga shi tun Afrilun 2024 masu layin wuta na rukunin Band A suka ga farashi ya haura naira 200 kan kowane yunit. In an ɗauke, shi zai sayo fetur na janareta, a farashin bayan cire tallafi na 2023. Duk wannan ba ya shiga littafi. Da yamma Hajiya ta zazzage gwangwani ta ƙirga, ta ce sana'a sa'a, yau ma riba tsantsa.

Maigidan kuwa a majalisa cewa yake ƙanƙarar leda kayan yara ce, babba ba ya tsotson leda. Amma da dare ya tsala ana jin murfin firiza yana ƙara a hankali. Da safe a tsinci leda uku a bayan kujerarsa, kowacce an cije mata kusurwa, a kama autan gida da faɗa, shi da haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba.

Da ruwa ya sauka a Yuni, gari ya yi sanyi, sallama ta ɗauke. Umma ta koma fushinta na biki. Abin da ake bari shi ne ledojin da suka toshe kwata, da gorunan maƙwabta da ba wanda ya zo karɓa, da sunayen waɗanda suka ce "rubuta, zan aiko." Masu wannan bashi su sani littafin yana nan cikin kwalla, kuma Hajiya ta ce bana sai an biya na bara kafin a buɗe wa kowa firiza.