Bazazzagi ya shiga takunkumi

Bawana Bazazzagi, ga gaisuwar ubangidanka Bakano, ko da yake kai ya kamata ka zo ka durƙusa. Ina tsakiyar ciniki a kasuwar Aboabo ta Tamale labari ya iske ni, wai likita ya ɗaura maka takunkumi. Na ce alhamdu lillahi, bana mutanen unguwar Sabonjida za su san daɗin barci.

Ka tuna daren bikin Bugum na bara da na kwana a ɗakinka? Dagombawa sun cika titi da wuta, ga ganguna, ga harbin bindigogin toka, amma minsharinka ya danne su duka. Har maƙwabci ya leƙo yana tambaya wa ya tayar da injin niƙa da tsakar dare. Kakannina goro ya kawo su ƙasar nan ta hanyar Salaga. Naka kuwa ina jin minshari suka labta wa jakuna.

Ƙarar ma da sauƙi. Shirun ne ya hana ni runtsawa. Kana cikin ja sai ka ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Na ƙirga har ashirin, na fara tunanin wa zai biya ni bashin da nake binka, sai ka yi wata irin shaƙuwa kamar wanda aka tsamo daga kogin Yapei, ka juya ka ci gaba. Da gari ya waye ka ce lafiya lau ka kwana, alhali kana dafe da kai, kana gyangyaɗi a kan koko da ƙosai.

Idan barci ya yi nauyi, harshe da naman maƙogwaro kan saki su toshe hanyar iska, musamman ga mai kwanciyar rigingine da mai kaurin wuya irinka, abokin gaban zabi. Likitoci na ƙirga duk ɗaukewar da ta kai daƙiƙa 10. In ta kai sau 30 a awa guda, abin ya yi tsanani. A bayansa akwai hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ga kuma gyangyaɗi a kan babur, a Tamalen da tsoho da yaro kowa babur yake ja.

Na'urar takunkumin naka kuwa, wadda ake kira CPAP, wani likitan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya fara gwada ta a Sidni a 1980. Da me ya haɗa ta? Da injin shara mai zuƙe ƙura, ya juya shi ya koma hura iska. Ka ga ikon Allah, bawa da injin shara!

Yanzu Hajiyarka ta ce kafin ƙarfe ɗaya ka tuɓe ka ajiye, wai igiya na matsa maka ƙeya, wai ka yi kama da giwar dajin Mole. To da can kama da wa kake yi? Ka riƙa sa shi da rana kana sauraron rediyo har fuska ta saba. In iska na hurowa ta gefe, ka koma a sake maka awo, ba kowane takunkumi ke zama a hancin Zazzagawa ba. Hunturu na tafe, ka zuba tataccen ruwa a ɗan tankin don kada hanci ya bushe, ka riƙa wanke tiyon saboda ƙura. Dumsor kuma, wato ɗauke wutar lantarki, ba hujja ba ce, kuɗin zabi goma ka tara ka fara neman batir.

Ka sa takunkuminka daren yau, ka kai asuba da shi. Ina buƙatarka da rai, don Muharram na zuwa kuma kuɗin sharar bara ma ba mu yi lissafinsu ba.