Wa Ya Ce Ka Kwashe Rumbu?

Tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. Ka ce me ya haɗa mai mangaza a Gazawa da masu ƙera mota a Japan? To Alhaji, motar da ke kwasar buhunanka zuwa Maraɗi, me aka rubuta a bayanta? Toyota. Ƙarfensu ka yarda da shi, dabararsu ce haramun?

Bayan yaƙin duniya na biyu, injiniyansu Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri 7 da ke cin kamfani a ɓoye. Akwai zaman jira, da yawo da kaya ba dalili, da lalacewar kaya, da tara abin da ya wuce buƙata.

Yawwa, ka ce ka kama ni! Ajiya ce ɓarna, a ƙasar da ake girbi sau ɗaya a shekara, ƙasar da ta ga yunwar 2005? Zauna, kar rawaninka ya faɗi. Nan ka yi gaskiya, amma kar ka saba. Mai ƙera mota na iya kiran mai taya ya kawo gobe, kai ba ka da lambar damana. Su kansu Toyota, da girgizar ƙasar 2011 ta katse musu kaya, sai suka shiga tanadin wasu sassa na watanni. Bar hatsinka a rumbu, OPVN, hukumar tanadin abinci ta Nijar, ita ma ba ta kwashe nata ba.

Sai dai zo mu leƙa mangazar taka. Waken bara na can ƙurya, a ƙasa ba katako, ya jingina da bango yana shan laima. Na bana na bakin ƙofa, shi ake fara fitarwa don ya fi kusa da hannu. Buhu nawa ya rage? Ka ce "da dama". Da dama! Ƙwaro ya fi ka sanin adadi, shi da ke kwana ciki. Alli da allo kawai ake nema: a rubuta ranar shiga, wanda ya riga shiga ya riga fita. Ka ce ai kana riƙe da komai a ka? Ranar da ka tafi Tasawa biki, kan naka da kai yake tafiya.

Buhun PICS fa, mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a 2007? A ɗaure shi tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Ka ce tsada. Tiya nawa ta zama gari bara? Waccan ba ka kira ta tsada ba, ƙaddara ka ce.

Ayar garin Agye kuwa, daga amalanke a sauke, a jibge, a sake ɗorawa, kowane ɗagawa ɗan dako na da rabo, buhu na da sabuwar huda. Motar ta kai kaya ta dawo fayau, man dawowar ma kai ka biya.

Akwai kuma bashin jinginar amfani da FAO ta taimaka aka kafa a Nijar tun wajen 1999. Da kaka manoma su zuba buhuna a mangazar ƙungiya, su karɓi rance, su fitar in farashi ya tashi. Kwaɗo biyu ake sa wa ƙofar: makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da bashi. Ka ce wannan rashin yarda ne? Ƙwarai kuwa! In makullin duka na aljihunka, wane buhu ne zai tsira ranar sunan ɗan amarya?