Rokar da ke Tashi a Ƙarƙashin Ƙafafunmu

Ina cikin wata ƙungiya marar rajista, marar shugaba, ta mutanen da ke hana idonsu barci a Birnin Ƙonni don bin diddigin harba roka a wayar salula. Ribarmu guda ce, shan kunya, kuma kunyar farko taswira ce ke ba mu ita. Ƙaramar rokar da ta fi yin suna a wannan sana'a, Electron ta kamfanin Rocket Lab, yawanci daga gaɓar Mahiya a ƙasar Niyuzilan take tashi. Da mutum zai haƙa rijiya a Ƙonni ya yi ta nutsawa bai karkace ba, a tekun Fasifik zai ɓullo, daura da tsibiran Samowa, Niyuzilan kuwa tana can kudu da wurin. Ke nan duk wanda ya fito tsakar gida ya ɗaga kai sama a lokacin harbi, ƙeya ya ba rokar. In da gaske yake, ƙasa ya kamata ya duba. Ga kuma agogo, mutanen Niyuzilan suna gabanmu da awa 11, wani lokacin 12. Harbin da ya fara kai kaya falaki ranar 21 ga Janairun 2018 da rana aka yi shi a can, a nan kuwa uku saura kwata ne na dare, lokacin da ba mai ido biyu sai mai gadi da ɓarawo da mu. Duk da haka ina da'awar cewa wahalar ba ta banza ba ce. Kuskurenmu ɗaya, wutar muke bi, alhali kayan da ta ɗauka ne abin bi.

Daren harbi kusan kullum iri ɗaya ne. An loda data da kuɗin cefane, an cika batir tun da rana domin wutar lantarki ba ta ɗaukar alkawari, shayi na uku ya ƙare, ƴan fada sun watse suna girgiza kai. Lambobi na saukowa a kusurwar allo, goma, tara, takwas, sai hoto ya daskare, wani ɗan zobe ya fara juyi a kan hancin rokar. A garin iyaka irin namu waya ba ta ma san ƙasarta ba, tana iya tsallakawa rezon Najeriya ba tare da ta gaisa da kwastan ba. Kafin hoto ya dawo, ko dai roka ta tafi ta bar mana hayaƙi, ko tana nan tsaye an ce sai gobe. Ɗagewa kuwa ba ta musu wuya. A Disambar 2017 an tsayar da harbi saura daƙiƙa biyu, a Janairun 2018 kuma jiragen ruwa ne suka kutsa yankin da aka killace, aka fasa na wannan rana. Abin da ke sanyaya mini zuciya shi ne harbinsu na farko, 25 ga Mayun 2017. Rokar lafiyarta ƙalau, ta haura kilomita 200, amma wata na'urar karɓar saƙo a ƙasa ba a saita ta daidai ba, labarin roka ya yanke wa masu bin ta, dole suka kashe tafiyar. Wato injiniyoyi masu albashi ma rezo ya taɓa ɗauke musu, kuma tasu asarar ta fi kuɗin cefane.

Masu yi mana dariya sukan ce wannan wasan masu kuɗi ne, kuma kamfanin da kansa yana ba su hujja. A wancan harbi na 2018 ya ɓoye wani ƙwallo mai ƙyalli a cikin kaya don duniya ta gan shi da dare. An ce zai yi wata tara, bai wuce wata biyu da ɗan kai ba ya faɗo ya ƙone, bayan ya ɓata wa masu nazarin taurari rai. Shugaban kamfanin, Peter Beck, ya taɓa cewa zai ci hularsa in suka koma sake amfani da roka. A 2021 ya markaɗa hular ya kai baki a gaban kyamara. A Mayun 2022 suka aika jirgi mai saukar ungulu ya cafke gindin rokar yana saukowa da lema. Ya cafke kuwa, sai matuƙin ya ji nauyin bai yi masa ba, ya sake shi cikin teku. Na yarda akwai wasa. Amma a duba lissafin lodi. Electron tsawonta mita 18, abin da take iya kai wa ƙaramin falaki kusan kilo 300 ne, buhu shida na simintin Malbaza, kuɗin tafiya kuwa ya haura dalar Amurka miliyan bakwai. Ba wanda zai biya wannan don nishaɗi. Babbar roka motar tasha ce, da arha, amma sai ta cika take tashi, kuma inda direba ya nufa can za a sauke kowa: a Janairun 2021 wata rokar SpaceX ta kwashi taurarin ɗan'adam 143 a tashi ɗaya. Ƙaramar roka shata ce, mai kaya ke faɗin rana, shi ke faɗin inda za a ajiye. Wanda ya yi shata kuwa yana da abin da yake gaggawar samu, tambayar da ta dace ita ce mene ne.

Amsar tana cikin takardar kaya, wadda mu masu jiran wuta ba ma karantawa. Harbin 2018 ya ɗauki wani tauraro na kamfanin Planet, ɗan akwati mai tsawon santimita 30. Kamfanin yana da irinsa da yawa, kuma a haɗe suna ɗaukar hoton kusan duk sandararriyar ƙasa kowace rana, kowane ɗigo a hoton mita uku ko huɗu ne a ƙasa. Wannan ba ya nuna fuskar mutum, amma yana nuna ko ruwan madatsar Mozage ya ja baya, da wane ɓangare na filin noman rani na Ƙonni, mai hekta sama da 2,400, ya yi kore, da faɗin gonakin albasa daga Galmi zuwa Tsarnawa. Electron ta kai taurarin BlackSky masu gani kusa da mita ɗaya, ta kai na Capella masu aiki da rada, waɗanda dare da hadari da hazon hunturu ba sa rufe musu ido. Tsakanin 2024 da 2025 ta kai ƙananan taurari 25 na kamfanin Kinéis na Faransa a tashi biyar, aikinsu karɓar saƙo daga ƴan na'urorin da ake liƙa wa kwantena, jirgin ruwa ko dabba. Suna gudun kusan kilomita bakwai da rabi a daƙiƙa, tafiyar Yamai zuwa Ƙonni ba ta cika musu minti ɗaya. Mu muna raba dare ba mu gan su ba, su kuma ko sallama ba sa yi suke leƙa gonakinmu.

Za a ce manomin albasa bai taɓa buƙatar tauraro kafin ya san gonarsa ba. Gaskiya ne, gonarsa ya sani. Abin da ke karya shi gonakin sauran mutane ne. Farashi na faɗuwa warwas a lokacin cire albasa, ya tashi bayan watanni, kuma shawarar ya sayar yanzu ko ya zuba a rudu ya jira, da haɗarin ruɓewa, ta dogara ne kan yawan abin da aka shuka a faɗin kwarin Magiya da ma tsallaken iyaka. Wannan jimilla daga sama ake iya ƙiyasta ta, kuma duk mai kuɗi, ko a Abijan yake ko a Akara, yana iya sayen hoton. Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu: cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ta daɗe tana amfani da hotunan tauraro wajen bin damina da makiyaya. Makiyayin Adar da ke barin Illela ya nufi arewa yana cikin waɗanda aka yi wannan aiki dominsu, ko labarin ya iso shi ko bai iso ba. Sabon abu shi ne hotunan sun zama haja, an ƙara musu kaifi, kuma ƴan kasuwa ne ke da su.

Saura masu cewa to a bar mu mu ga wani abu da idonmu mana. Akwai dama, kuma a nan mun fi mutanen birane da yawa horo, domin lokacin da tauraron ɗan'adam ke bayyana shi ne lokacin duban wata, bayan magariba, ko gabanin asuba, sa'ad da ƙasa ta yi duhu rana kuma tana haska abin da ke sama. Sai dai ƙungiyarmu a nan ma ba ta tsira ba. In haske na ƙyaftawa, jirgin sama ne. In ya tsaya cak a yamma yana sheƙi, Zara ce, ta riga kakanninmu. In ya yi jerin gwano, taurarin Starlink ne sababbin harbi, kamfanin da ya fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar a 2025. Ɗan akwatin santimita 30 kuwa, daga nisan kilomita 500, ido ba zai kama shi ba ko da mutum ya kwana a kan soro. A Nuwamban 2024 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurari uku, na sadarwa da na ɗaukar hoto da na rada. Ranar da za a harba su na san za mu loda data, na san zoben nan zai zo ya yi juyinsa. Yayin da yake juyawa sai mu nemi sanin inda za a kafa tashar karɓar hotunan, da wa zai riƙe makullinta, da ko ƙungiyar manoman Galmi za ta samu kwafi kafin dillali.