Mu Masu Kai Ƙarar Manhaja

To jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. Mu masu cin arzikin manhajojin kyauta, su Firefox da LibreOffice da VLC, abu na tsayawa sai mu garzaya GitHub ko Bugzilla mu rubuta, "Ba ya aiki, a gyara da gaggawa!" mu yi gaba abinmu. Wace siga ce? Windows ne ko Linux? Me ka danna kafin ya ƙi? Oho. Tamkar mara lafiyar da ya leƙa ɗakin likita ya ce jikin babu daɗi, ya koma gida yana jiran magani ya iske shi. Mai gyaran kuwa sau da yawa bawan Allah ne da ya taso daga aikinsa ya hana idonsa barci, ko sisin kwabo ba mu ba shi ba, amma mu ne da yi masa tsawa.

Dubawa ko wani ya riga mu? Wa ke da wannan lokacin! Ƙarar da ta shekara biyar a ajiye, mu sake shigar da ita sabuwa fil. In mun ci karo da tsohuwar, gudummawarmu ita ce "+1, ni ma haka." Sai da masu kula da manhajoji suka rubuta wa GitHub buɗaɗɗiyar wasiƙa a farkon 2016 kafin aka samar mana ɗan babban yatsan dannawa. Yanzu muna dannawa, kuma mu rubuta.

Gwanin cikinmu shi ne mai dawowa ya ce, "Na warware, na gode," bai faɗi ta yaya ba. Allah ya shirye shi.

Amma fa laifi tudu ne. Ranar da gyara ya faɗo hannunmu, amsarmu ɗaya ce: "A kwamfutata lafiya lau yake." Ko mu ɗora wa na'ura aikin rufe duk ƙarar da ta yi wata biyu ba motsi, mu ce mun share gida.

Akwai wata ƙara a Ubuntu, OpenOffice wataran ya buga takarda, wataran ya ƙi. Malamai suka yi ta hasashe, har wani ya ce matarsa ta lura ranar Talata ce kawai yake ƙi. Ashe da gaskiyarta: wata 'yar manhaja mai suna file ce ke ganin "Tue" a kwanan watan da ke cikin takardar, sai ta ɗauka fayil ɗin Erlang ne ba takardar bugawa ba. Da mu ne, ranar Laraba za mu dawo mu ce ya gyaru da kansa, a rufe.