Ciki da Falo, Daji Kyauta

A Kaduna inuwa ma sayenta ake yi. Duk unguwar da ka ga madaci da mangwaro sun yi sahu a bakin titi, irin su Malali da Unguwar Rimi GRA, to ka fara shafa aljihunka kafin ka tambayi kuɗin haya. Mu 'yan Rigasa kuwa bishiya ɗaya ce mai shayi da mai faci da mai wankin hula suke rabon inuwarta, rana na karkata ana jan benci. Saboda haka da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Birnin Gwari, wani dillali ya bugo waya ya ce ya samo mini ciki da falo a sabon gida fil, unguwa shiru, itatuwa ta ko'ina, kamata ya yi in taka rawa. Ni kuwa sai gabana ya faɗi.

Na ce, "Itatuwan nan, na shuka ne ko na Allah?"

Ya ce, "Yallaɓai, duka ai na Allah ne. Ka dai zo ka gani."

Uwargida ta ciro farar shaddata ta Sallah ta kai wa mai guga, wai don mai gida ya ganni da kwarjini ya san ba irin masu ɓuya a ƙarshen wata ba ne.

A Mando na hau mota. Tafiyar kilomita 120 ce ko da 'yan kai, ta Buruku da Udawa, hanyar da a shekarun baya sai an jira rakiyar jami'an tsaro ake binta, kowa bakinsa na motsi. Tun watan Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan sulhun da aka yi da ɓarayin daji, manyan motoci suka dawo, har direbobi suka koma tsohuwar sana'arsu ta zagin ramuka. Fasinjojin motarmu duk barci suke yi. Ni kaɗai na ɗauki aikin gadi ba wanda ya sa ni, ina bin kowane kututture da ido. Wata tsohuwa da ke gefena, kaji biyu a cinyarta, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ɗan nan, wuyanka zai riga ka isa."

Dillali ya tare ni a tasha da babur. Muka ratsa gari, muka bar kwalta, muka bar gidajen bulo, muka bar na ƙasa, shi dai yana ta murɗa mai. Damina ce, masara ta fi mutum tsayi, ga ɗorawa ga kaɗanya ga mangwaro, hanya duk inuwa, iska mai sanyi tana shiga har cikin hula. Ba zan ci amanar wurin ba: yana da kyau. Da a Kaduna yake, da tuni wani babban sakatare ya zagaye shi da katanga.

Ya waiwayo ya ce, "Nan ai GRA ce, Yallaɓai. Gwamnati ce kawai ba ta sani ba tukuna."

Mai gidan dattijo ne siriri, kowa Baba yake ce masa, kuma tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ban gama gaisuwa ba na yi subul da baka na tambayi nisan da ke tsakanin nan da dajin Kamuku. Ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya zaunar da ni a kan turmi ya fara: tun 1936 En'e ta keɓe dajin, a 1999 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ya lissafo mini giwa da gwanki da gwaggon biri, ya kwatanta yadda ruwa ke zubowa a Dogon Ruwa, da yadda itacen doka ke yin jan toho in rani ya yi nisa. Da ya zo kan yadda ɓarayin daji suka mai da wurin mafaka sai ya yi shiru, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Sannan ya ce, "Amma Kamuku tafiya ce, Malam. Waɗannan da kake harara, ni na san ranar da aka dasa rabinsu."

Gidan kuwa irin wanda kowa ya sani ne: ɗakuna jere suna kallon juna, madafa ɗaya, rijiya a tsakiya, banɗaki biyu a ƙurya, ƙofofi duk an shafe su da koren fenti. Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen haya na duniya shi ne Baba ya hana magini taɓa ko da reshe ɗaya. Akwai wata ƙatuwar ɗorawa a filin, sai aka gina gidan yana kauce mata. Falon da aka nuna mini bangonsa ya taho tiryan-tiryan, da ya iso gindin bishiyar sai ya rusuna ya ba ta hanya. Na tambayi inda zan sa doguwar kujera. Dillali ya ce zamanin yanzu ai lanƙwasassun kujeru ake yayi.

An kafa wani kwali a zaure da dokokin gida. Ba a sare reshe. Ba a kafa ƙusa a jikin itace don igiyar shanya. Ganyen da ya faɗo ƙofar ɗakinka naka ne, kada ka tura wa maƙwabci. In ɗorawa ta nuna, kalwa ta matan gida ce, a raba daidai. Kuɗin wuta kuwa a kan yawan ƙwai ake rabawa, in an kawo ta. 'Yan haya uku sun riga ni tarewa: wani saurayi mai haƙar zinari wanda takalmansa suka rina ƙofar ɗakinsa da jar ƙasa, wani mai sayar da katako da Baba ke amsa gaisuwarsa da ƙyar, sai wani manomi mai iyali da ya baro ƙauyensu ta wajen Randagi shekarun da abin ya yi tsanani. Shi wannan ba ya da yawan magana. Ya ba ni hannu, ya dubi shaddata, ya ce Allah ya sa mu zauna lafiya.

Ina cikin uwar ɗaki ina auna wurin gado da taku, sai na ji rugugin babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Ƙarar tana matsowa ta cikin masara. Wani yaro ya faɗo gidan a guje yana ihu, "Baba! Sun iso! Sun iso!"

Yadda na tsallake rijiya da guga da wata akuya, wannan sai dai a tambayi akuyar. Na dai ganni a banɗaki na biyu, na danna sakata, na manna bayana da ƙofa. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo. Na fara karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar cin abinci.

Daga tsakar gida muryoyi suka cika. Wani mai kakkausar murya ya ce, "Ku ɗaure shi da kyau, kada ya kuɓuce."

Wani ya ce, "Ina wuƙar?"

Sai na ji muryar dillali, mutumin da na yarda da shi na hau bayan babur ɗinsa, yana cewa, "Ina baƙon nan na Kaduna? Yanzu fa yake nan. Ku nemo shi, da shi za a fara."

Na cire agogo na jefa cikin hula, na cusa hular a wando. Ina cikin lissafin wanda zai iya sayar da fili a danginmu sai rago ya yi kuka. Bayan kukan rago aka yi kabbara, bayan kabbara na ji an ja basmala da murya mai daɗi, wasu suka amsa. Walimar buɗe gida ce. Liman ne da malamai da almajirai da 'yan uwan Baba suka zo a kan babura don a yi addu'a, baƙo kuma da shi ake fara rabon abinci.

Na gyara murya, na kama sakata don in fito a natse. Ta ƙi motsi. Ɗanyen fenti ya riƙe ta gam. Na ja, na girgiza, na sa kafaɗa. Ƙarshe dai na ƙwanƙwasa a hankali na yi sallama, daga cikin banɗaki. Aka aika kiran kafinta, aka tarar ya tafi gona. Da ya zo sai ya ce ba abin da za a yi illa a cire ƙofar ɗungurungum, aka kuwa cire ta, a gaban liman da jama'a, ana tsakiyar fatiha. Na fito ina kama da tutar Nijeriya: kore, fari, kore.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Baba ya matso ya ce, "Subhanallahi. Malam, ciki ne?"

Na ce, "Ciki ne, Baba. Tun a mota."

Nan take labari ya shiga wajen mata. Kafin in zauna an aiko mini da jiƙon sabara cike da kofi, da saƙon cewa kada a kuskura a ba ni maiƙo. Haka na zauna a kan tabarma, ana wucewa da tuwon masara da miyar kuka da soyayyen naman rago ta gaban hancina, ni kuwa an dire mini koko ba ƙosai. Liman har ya sa ni a addu'a, aka shafa.

Manomin nan na wajen Randagi ya zo ya zauna kusa da ni da kwanonsa. Ya daɗe yana cin abinci bai ce komai ba. Can ya faki idon mutane ya tura mini tsoka ɗaya ƙarƙashin gefen tabarma, ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, in su ne, ba za ka ji yaro yana shela ba."

Na kama ɗakin. Dillali ya karɓi la'adarsa cif, kafinta ya karɓi kuɗin mayar da ƙofa daga aljihuna. Da zan tafi Baba ya kira ni zaure ya nuna mini kwalin dokoki, inda ya ƙara jadawalin wankin banɗaki da alli. Sunana ne a sama.

Ya ce, "Kada ka ga kamar son kai, Malam. Duk gidan nan ba wanda ya kai ka sanin wurin."