Luwi na Sakwa

Taubashi, bawan gidanmu! Labari ya riga ka isowa Azare tun fenti bai bushe ba. An ce ka gama falo, ka ɗora silin mai hawa uku, ka jera kujerun nan masu ƙafar zaki da ruwan zinare, ga madubi ya cinye bango guda. Mutanen Sakwa sun ce yanzu sai an yi sallama uku kake amsa ɗaya.

To zo in gaya maka asalin kayanka, don na san kafinta kuɗi kawai ya karɓa. Murɗe-murɗen ganye da furannin da ke jikin kujerarka, salo ne da ake kira Barok. A birnin Rum ya taso wajen shekarar 1600, a majami'u, sannan Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kai shi maƙura a fadarsa ta Bersai. Zaure guda ya sa aka liƙa wa madubi 357, aka gama a 1684, lokacin da madubi ke da tsadar gaske. Ba don ya duba rawaninsa ba ne (gashin doki ma yake ɗorawa, in ji wasu, ni dai na ce gashin aro). So yake hakimi ko jakada ya shigo gwiwarsa ta yi sanyi kafin ya buɗe baki. Kai wa kake son ka firgita? Mai kawo maka nono?

Yadda adon ya bazu kuwa, masu zane irin su Jean Lepautre ne ke sassaƙa shi a farantin tagulla, a buga a takarda, a sayar. Sai masassaƙin Jamus ko Ingila da bai taɓa taka Faris ba ya kwaikwaya. Haka kafintanka ya yi da hoton da ka tura masa ta WhatsApp, sai dai zakin nasa ya fi kama da muzuru.

Ga inda Luwi ya fi ka. Da yaƙi ya ci masa baitulmali a 1689, ya sa aka narkar da teburansa da kujerunsa na azurfa aka buga kuɗi. Kai in bazara ta matsa, rumbu ya yi ƙasa, me za ka narkar? Katako ne da fenti.

Ban ce ado laifi ba ne. Gwaggo, wato tsohuwarka, jeren tasoshi da kwallayen ɗakinta ne ya sanar da dangin mijinta cewa daga gidan arziki ta fito, gidanmu ke nan, kada ka manta. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ya bar soro a Kafin Madaki nan ƙasar Bauchi, da laka da azara kawai, har gobe ana zuwa kallo, kuma ciki sanyi ƙalau. Naka falon, da an ɗauke wuta sai gumi. Shi ya sa aka ce kullum kana gindin darbejiya a kan tabarma, kujeru na ciki a kulle, ko ledarsu ba a ɓare ba, ƙurar hunturu ta cika kowane lungu na sassaƙar.

Ina nan tafe ranar Cika-ciki karɓar kuɗin shara. Da yara zan zo, dukkansu, kowa da ƙwaryar furarsa, kuma a kan mai ƙafar zakin za mu zauna.